Me ya sa Hiace mai gazuwal take rage ƙarfi idan fitilar inji ta kunna?

Mai Jigila:
Assalamu alaikum. Ina jigilar kaya tsakanin Damagaram da Tanut da wata Hiace mai gazuwal, kuma kwanan nan duk lokacin da na taka totur da lodi sai fitilar inji ta kunna, motar ta ƙi ja, amma idan na kashe ta na sake tayarwa sai ta koma daidai. Wani makaniki ya ce ƙwaƙwalwarta, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ce ta lalace. Tsohuwar motata ba ta da wannan na'ura, don haka ina roƙon a fahimtar da ni aikinta kafin in kashe kuɗi.

Tsohon Makaniki:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka yi gaggawar sayen ƙwaƙwalwa, domin abin da ka bayyana ya fi kama da alamar tana aikinta. A irin injinka, famfo yana jawo gazuwal daga tanki ta cikin filta, ya matsa shi cikin bututu guda da duk injektoci huɗu, masu fesa mai cikin inji, suke sha daga gare shi, kuma matsin yana iya wuce bar 1,000 (bar ma'aunin matsi ne). Ƙwaƙwalwar ce take buɗe kowace injekta da wutar lantarki, bayan ta karɓi bayani daga sansoshi, wato ƙananan na'urorin awo: ɗaya yana auna juyin inji, ɗaya iskar da ke shiga, ɗaya zafin ruwa, wani kuma matsin da ke cikin bututun. Idan ka ɗora lodi, inji ya nemi ƙarin mai, filta kuma ta toshe, matsin zai faɗi ƙasa da abin da ƙwaƙwalwar ta nema, sai ta rage ƙarfi da gangan don ta kare injin. A gaskiya da wuya ita kanta ta lalace, sai dai idan ruwa ya shige ta ko an haɗa batir a juye.

Direban Magariya:
Malam ya faɗi gaskiya, sai dai ni zan fara tuhumar man. Muna da matatar mai ta SORAZ a kusa da mu tun 2011, amma har yanzu wasunmu a bakin hanya suke zuba gazuwal daga jarka, wadda ba a san ƙura ko ruwan da ke cikinta ba. A ƙasan filta akwai wurin da ruwa yake taruwa. Ka kwance, ka zubar.

Mai Jigila:
Na gode muku. Malam, ta yaya zan tabbatar ba tare da an yi ta canza kaya a kan zato ba?

Tsohon Makaniki:
A ƙarƙashin sitiyari akwai soket mai rami 16. A jona na'urar bincike a karanta lambar matsalar, kuma kada a goge ta sai ka rubuta ta.