Gas ya tsiyaye kusa da rijiyarmu, ina mafita?

Mai injin niƙa, Sabuwar Unguwa:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da injin niƙa a gefen gidanmu nan Katsina, ina ajiye gas, wato man dizal, a durom mai lita 200 cikin wani ɗan ɗaki marar daɓe. Ashe gindin durom ɗin ya yi tsatsa ya huje, fiye da rabi ya tsiyaye cikin ƙasa. Wurin ya yi baƙi, in ka damƙi ƙasar sai ta bar maka maiƙo a tafin hannu. Rijiyarmu ba nisa, kuma jiya uwargida ta ce ruwan guga ya fara wari, ana ganin ƙyalli a samansa. Maƙwabta ma nan suke ɗiba. Yara sun ce a kwarara ruwa da omo a wanke wurin. In bar su? Ga damina ta ƙarato.

Maman Ummi:
Wa alaikumus salam. Subhanallahi, Allah ya kiyaye na gaba. Malam, kafin komai a rufe rijiyar, ka taka da ƙafarka ka sanar da maƙwabta yau ɗin nan. Haƙƙi ne. Na sha da girki da wankan jarirai a saya wurin 'yan ga-ruwa.

Baban Khalifa:
Ka kira masu yasar rijiya su kwashe ruwan tas, a jefa alam, a riƙa tafasawa kafin a sha.

Injiniyan ruwa, Ƙofar Ƙaura:
Baban Khalifa, ka yi haƙuri, wannan ba za ta yi ba. Alam laka yake kwantarwa, tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, babu wanda ke raba ruwa da gas. Kuma in dai man yana nan cikin ƙasa, yawan janye ruwan rijiyar jawo shi zai ƙara yi zuwa gare ta. Ga haɗarin tura mutum ramin da ke da tururin mai.

Malam, don Allah ka hana yaran nan. Omo narkar da mai yake cikin ruwa, ruwan kuma ya tura shi ƙasa. Ƙasarmu ta Katsina yawanci jigawa ce, ba ta riƙe abu, shi ya sa ya isa rijiyar da wuri. Kada kuma a cinna wa wurin wuta.

Aikin yana wurin haƙa, kuma kafin ruwan farko ya sauka. A ɗauke durom ɗin, a haƙe duk ƙasar da ta jiƙe, a bi ta ƙasa da gefe har sai an daina jin wari. Hanci da ido ne ma'auninka a nan. Masu haƙa su sa safar hannu da takalmin roba, ba shan taba. In ramin ya kusanci tushen gini ko ya yi zurfi, a dakata a nemi magini, rairayi na ruftawa. A cike da ƙasa mai kyau.

Ƙasar da aka kwaso kada a kai ta gona ko bakin kwata. A shimfiɗa tamfol mai kauri nesa da kowace rijiya, a baza ta kaurinta kamar kamu ɗaya, a gauraya da kashin shanu ko na kaji da ɓuntun shinkafa. Akwai ƙwayoyin halitta a cikin ƙasa da taki masu cin mai, abin da suke buƙata iska ce da ɗan danshi. A riƙa juyawa da fartanya duk mako, a yayyafa ruwa kaɗan, in hadari ya taso a rufe. Aikin watanni ne.

Mai injin niƙa:
Na gode Injiniya, Allah ya saka da alheri. Na hana su. To ita rijiyar fa, shi ke nan mun rasa ta?

Injiniyan ruwa:
Ba lallai ba, amma kada ka yi gaggawa. Gas ya fi ruwa sauƙi, sama yake tasowa, don haka ana iya tsane na saman da soson katifa a ɗaure da igiya, a matse a jarka. Sai dai wani ɓangarensa na narkewa a ruwa, ido ba ya gani. Gushewar wari ba ita ce shaida ba, gwaji ne shaida. A ɗebi ruwan a kwalbar gilashi, ba ta roba ba, a ce a auna yawan man da ke ciki. Ka tuntuɓi sashen kimiyyar sinadarai na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua su nuna maka inda ake yi. A sake gwadawa bayan damina, don in ruwan ƙasa ya taso yakan wanko man da ya maƙale.

Mai a ruwan ƙasa ba abin rainawa ba ne. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan gurɓatar da mai ya yi wa ƙasar Ogoni a jihar Ribas ya ce gyaran can zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Naka ƙarami ne ƙwarai a kan wancan, amma jinkiri ne ke ƙara masa girma.

Malama daga Daura:
Ka sanar da mai unguwa da duba-gari, da hukumar kula da muhalli ta jiha. Akwai kuma NOSDRA ta tarayya, wadda aka kafa a 2006 don malalar mai. In ka sayi sabon durom, a yi masa daɓen siminti mai ɗan baki kewaye, a ɗora shi kan katako yadda za ka riƙa ganin gindinsa.

Mai injin niƙa:
Madalla. Na yi magana da leburori, gobe bayan asuba za a fara haƙa in sha Allahu. Wanda ya san inda zan samu ɓuntu kusa ya taimaka min.