Agogon leza ga wanda ya samu bugun zuciya

Maman Hanifa: Salamu alaikum. Baffanmu ya samu bugun zuciya watan jiya, an sallamo shi, amma ko masallacin ƙofar gida ya taka sai haki. An kawo mana tallar agogon leza na ɗaurawa a hannu, wai yana gyara inda zuciyar ta lalace. Mu saya?

Baban Sadik: Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Na gan shi a Facebook, har da na cusawa a hanci. Ni dai kuɗina ba za su je can ba.

Anti Nas: Yaya, kar ki saya. In jijiya ta toshe, naman da jini bai kai masa ba mutuwa yake, sai tabo ya maye gurbin, tabo kuwa ba ya harba jini. Binciken leza gaskiya ne an yi. Farfesa Uri Oron na Jami'ar Tel Aviv ya haska leza a ɓargon ƙashin ƙafar ɓeraye da aladun da suka samu bugun zuciya, tabon zuciyarsu ya ragu. Amma jim kaɗan bayan bugun aka haska su, ba bayan wata guda ba, kuma a kan mutane gwajin bai taka kara ya karya ba.

Kawu na Kwari: 'Yata, ai na ji ana yi wa zuciya aiki da leza a ƙasashen waje.

Anti Nas: Wancan tiyata ce sosai, Kawu. Ƙananan ƙofofi ake hudawa a naman zuciyar da leza. Amurka ta amince da ita a 1998, don masu ciwon ƙirjin da ya ƙi jin magani. Ciwo take ragewa, ba ta tayar da naman da ya mutu.

Baban Sadik: To ina za su nufa?

Anti Nas: Wajen likitocin zuciya a Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala, a yi masa hoton zuciya, wato eko. Hakin nan ne bai kwanta min ba. In ƙafa ta kumbura ko ya kasa kwanciya sai a jingine, kar a jira ranar da aka ba shi. Asfirin da maganin kitse da na hawan jini kuma kar ya tsallake, ko da ya ji garau.

Kawu na Kwari: A rage masa gishiri da magi. Kilishi ma a ɓoye, na san halin tsofaffi irina.

Maman Hanifa: Ƙafar kam ta ɗan tasa tun shekaranjiya.

Anti Nas: To yau za ku kai shi, Yaya, ku tafi da duk magungunan da takardar sallamar.