"Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi": har da waƙar wa'azi?

Ɗan Garwa: Assalamu alaikum jama'a. Ana yawan jawo karin maganar nan a majalisun karatu a kafa hujja da ita, wai waƙoƙin wa'azi da na bege ba a ɗaukarsu daga takarda, sai daga bakin malami. Wannan ne muhallinta, ko an ɗora mata kayan da ba nata ba? Masu waƙoƙin ai yawancinsu sun daɗe da rasuwa, a bakin wa za a ji?

Dattijon Kusiri: Wa alaikumus salam. Ɗana, an ɗora mata kaya. Asalinta maganar shaida ce. Mutum ya tashi yana ba da labarin abin da ya sami wani, ga shi kuwa mai abin yana zaune a wurin, sai a ce da shi ya dakata, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Waƙar a nan misali ce kawai.

Alaramma na Marwa: Baba, na yarda da asalin, amma wanda ya jawo ta kan rubutacciyar waƙa bai yi ɓatan kai ba, saboda halin ajami. Ajami ba ya nuna hawa da saukar murya. Kukan jariri da kukar miya rubutu ɗaya ne. Wasalin "o" da "u" duk da rufu'a ake yinsu, kuma ba kowane marubuci ke sa alamar bambancewa ba. "E" ɗigon imala ne a ƙarƙashin harafi, irin na ƙira'ar Warshu, in tawada ta dusashe ya tafi ke nan. Sai haruffan da aka ara aka ba su wani aiki: gainun Larabci shi ne "g" ɗinmu, harafin "sa" mai ɗigo uku shi ke tsayawa a madadin "c". Ka miƙa wa ɗalibin Njamena wanda Larabci kaɗai ya karanta, zai furta kowane harafi yadda Balarabe ke furta shi, Bahaushe na gefe bai gane ko kalma ba. Shi ya sa ƙa'idar ɗaukar waƙa ita ce malami ya rera baiti, ɗalibi ya maimaita yana bin rubutun da yatsa, ya sa wasalin da ya ji, sannan a fassara baitin kalma kalma kafin a wuce.

Malama mai Islamiyya, Gaundare: Allah ya gafarta malam, abin da ka kawo hujjar bakin malami ce, ba ta bakin mai waƙa ba, su biyun kuwa ba ɗaya ba ne. Da a bakin mai ita kaɗai take daɗi, da Tabbat Haƙiƙa ba ta iso mu ba. Shehu Usmanu da Fillanci ya yi ta, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa. Ita ɗin ma da ta kafa 'yan taru, ƙungiyar ilimantar da mata, jagororinsu da ake kira jaji ke haddace waƙoƙin su kai wa matan ƙauye. An yi waƙar wa'azi ne don ta bar bakin mai ita. A huɗubar bankwana ma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya halarta ya isar wa wanda bai halarta ba, sau da yawa wanda aka isar wa ya fi wanda ya ji kiyayewa. Ku dubi Imfiraji ta Aliyu Namangi na Zariya: makaho ne, kuma bakin makafi masu bara ya kai ta garuruwan da bai taɓa takawa ba.

Dattijon Kusiri: Malama ta gama magana. Ni ma abin da nake nufi ke nan.

Alaramma na Marwa: Ba ta gama ba tukuna, Baba. Abin da jaji ke ɗauka ai ba kalmomi kaɗai ba ne, har da kari. Rubutattun waƙoƙinmu bisa ma'aunin arulin Larabci aka gina su, gaɓa mai nauyi da mai sauƙi a jere a ƙayyade. A nan ajami ya fi boko, domin yana nuna jan wasali da alif da wau da ya. Gadon kwanciya da gadon mamaci a ajami daban suke, a boko kuwa "gado" ne duka. Waɗannan 'yan littattafan da ake juya su zuwa boko a sayar a bakin masallaci, nan ɓarnar take. Mai karatu ya gajarta inda ya kamata ya ja, baiti ya karye, sai ya cusa "ai" ko "kuwa" don ya cike gurbi, wani ya kwafa daga gare shi. Kwafi uku, waƙar ta zama wata.

Mai Ishiriniya: In ƙara da tahamisi, don nan ne tambayar "wa ke da ita" take rikicewa. Ishiriniyar da muke rerawa a watan Mauludi, asalinta ta Alfazazi ce, mutumin Andalus, baiti 20 ga kowane harafi. Ibnu Mahib ya zo ya ɗora ɗango uku a saman kowane baiti mai ɗango biyu, ta zama ƙwar biyar. Sabbin ukun suna bin amsa-amon ɗangon farko na asali, na biyar ya riƙe babban amsa-amon ƙasidar. Da yawa cikin masu rerawa ba su san biyun ƙarshe ne na Alfazazi ba. To wa ke da ita a cikinsu?

Ɗan Garwa: Wasu fa cewa suke karin maganar ma bai dace da abin addini ba, tunda ƙarshen Suratu Shu'ara'i ya zargi mawaƙa.

Malama mai Islamiyya, Gaundare: Su ƙarasa surar, ɗan'uwa. Zargin yana aya ta 224 zuwa 226, ta 227 ta ware waɗanda suka yi imani suka aikata na gari suka yawaita ambaton Allah. Hassanu ɗan Sabitu da waƙa ya kare Annabi, kuma a Buhari an ruwaito cewa daga cikin waƙa akwai hikima.

Alaramma na Marwa: Ga wuri guda da takarda ba ta isa ba, ko Malama ma sai ta yarda: ramzi. Mawaƙi kan ɓoye shekarar Hijira da ya gama waƙa a cikin kalma ɗaya a baitocin ƙarshe. Magabatanmu da lissafin abajada (kowane harafi da lambarsa) na Magrib suke yi, inda shinun take 1000. Shinun, ra, mimun da wau: 1000 da 200 da 40 da 6, ya ba ka 1246. Wanda ya koyi lissafin Gabas, kamar masu dawowa daga Masar ko Sudan, shinun a wajensa 300 ce, sai ya fito da 546, ya mayar da waƙar ƙarni bakwai baya. Ba a rubuta a takardar wane lissafi aka bi ba.

Malama mai Islamiyya, Gaundare: Na yarda, amma malamin ne zai faɗa masa, ba mawaƙin ba.