Zakka ko maganin Baba, wanne zan fara cirewa?

Salama 'yan'uwa cikin Almasihu, dan Allah ku bani shawara. Ni dan Zuru ne, bayan bautar kasa na samu koyarwa a wata firamare a Birnin Kebbi, albashi dubu 45, haya da abinci sun cinye rabi, ga Baba da hawan jini duk wata sai na tura kudin magani. Fastonmu yana yawan karanta Malakai 3:10 kan zakka, ni kuma 1 Timoti 5:8 ce ta hanani barci, maganar kula da dangi. In aka zagayo da kwanon baiko sai dai in sunkuyar da kai. Iyayenmu, ya kuka yi a farkon aikinku? In samu Fasto ne ko ya?