Neman shawara: na'urar auna zurfin ruwa da GPS don jirgin katako a tafkin Kainji

Mai Jirgin Hatsi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da jirgin katako mai injin Yamaha 40, ina jigilar buhuna da 'yan kasuwa tsakanin Yauri da Wara, wani sa'in in tsallaka Shagunu. Abu biyu ke ci min tuwo a ƙwarya: kututturan da ke kwance ƙarƙashin ruwa idan tafki ya ja baya, da hazon hunturu da ke rufe gaɓa har mutum ya rasa gabas. Ƙanena da ke Legas ya ce zai sayo min na'ura. Ya turo hotuna biyu, Garmin Striker 4 'yar ƙarama, da wata babba mai taswira a ciki, wadda kuɗinta ya fi nesa ba kusa ba. Wacce zan ce ya ɗauko? Kuma za ta nuna min kututture kafin in hau shi?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe: ba za ta nuna ba. Ƙasa take kallo, gaba ba ruwanta. Akwai wani ɗan kai da ake nutsawa a ruwa, shi ke harba sauti zuwa ƙasan tafki ya jira amsa. Sauti na gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, da lokacin dawowarsa ake lissafa zurfi. To a ruwa mai zurfin mita 3, faɗin wurin da take gani bai wuce mita 1 ba in an saita sautinta a kan 200 kHz. Kai kuma in kana tafiyar kilomita 20 a awa, kana cin fiye da mita 5 duk daƙiƙa. Kafin kututturen ya fito a allo, gaban jirginka ya riga ya gaisa da shi. Amfaninta shi ne ta nuna maka ƙasa na tasowa, daga mita 8 zuwa 5 zuwa 3, ka rage wuta da wuri. GPS ɗin da ke cikinta kuwa, shi ne maganin hazonka.

Baba Basarke:
Ɗana, tun 1968 da aka gama madatsar nan ruwa ya cinye tsohuwar Busa da gonaki da itatuwan tsibirin Foge. Itacen da ke cikin ruwa bai tafi ko'ina ba, ruwan ne ke hawa da sauka a kansa, kusan mita 10 a shekara. Farin ruwa ya zo da damina, baƙin ruwa ya biyo baya daga Gini da hunturu, bazara ta yi ya ja. Inda ka wuce lafiya a Janairu, nan ne zai karya maka farfela a Yuni. Ban hana ka na'ura ba, amma kada ka sauke yaron da ke riƙe gora a gaban jirgi.

Ɗan Malale:
Ni ina amfani da ƙaramar, ga abin da na gani. Za ka ji wasu na cewa a manna ɗan kan nan mai harba sauti daga cikin jirgi da gam. Wannan sai jirgin faiba, katako shanye sautin yake yi. Ni bututun ƙarfe na samu, na ɗaure kan a ƙarshensa, na maƙala a bayan jirgi gefe guda, ya ɗan leƙo ƙasa da gindin jirgin kaɗan. Ka nisanta shi da farfela, don kumfa na shiga ƙarƙashinsa lamba za ta fara rawa ko ta ɓace gaba ɗaya. Sannan ka tuna daga ɗan kan nan take auna zurfi, ba daga ƙafar inji ba, ballantana in ka yi lodi jirgi ya zauna. Batir mai bolt 12 irin na ƙaramar sola, 7Ah, yana kai ni yini har da saura. Sa fis a wayar. Da yamma kuma ka kwance ta ka tafi da ita gida, bakin ruwa ba a barin abu mai allo.

Auta:
Ni fa ban ga abin kashe kuɗi ba yaya. GPS ɗin waya ba ya buƙatar sabis, ka sauke taswira a manhajar OsmAnd tun kana gari, shi ke nan.

Ɗan Malale:
Auta, ka taɓa duba allon waya da tsakar rana a kan ruwa da jiƙaƙƙen hannu? Ta zauna a matsayin ta biyu, cikin leda. Kuma waya ba ta san zurfi ba.

Hajiya Mai Busasshen Kifi:
Malam, mu da muke zama a kan buhunan nan muna da magana. Ba mu manta da hatsarin watan Mayun 2021 kusa da Wara ba, rayuka da yawa suka salwanta. In ƙanenka na da kuɗin babbar, ya sayi ƙaramar, canjin a zuba a rigunan kariya. Kuma kada na'ura ta sa ka fara tafiyar dare, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana.

Injiniya:
Hajiya ta yi gaskiya, ni ma ƙaramar zan ce. Babbar, taswira kake biya, kuma yawancin katunan taswirar nan an yi su ne don teku da tafkunan Amurka da Turai. Kada ya biya sai mai shago ya buɗe masa Kainji ya ga lambobin zurfi da idonsa. In da hali ya nemi Striker Plus 4, tana zana taswirar zurfi da kanta duk inda ka bi, sai dai zurfin ranar ne take rubutawa, ka haɗa da maganar Baba. Ga yadda za ka ci moriyarta: lokacin da ruwa ya ja sosai, kawunan itatuwa suka fito, ka ɗauki tsohon matuƙi ku bi hanya a hankali da rana. Duk kututture ka danna alama, ka adana layin da kuka bi. GPS kan kauce da mita 3 zuwa 5, don haka ba a shafar alama, nesa ake ba ta. Ka sayi kamfas na hannu don ranar da batir ya mutu, ka ajiye shi nesa da inji da ƙarfe.

Mai Jirgin Hatsi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tura masa sunan Plus ɗin da batun riguna. Baba, in ruwa ya ja zan zo in ɗauke ka, mai da goro a wuyana. Ɗan Malale, don Allah turo min hoton yadda ka ɗaure bututun, in kai wa mai walda ranar kasuwa.