An caje mu tukuici sau biyu a jirgin ruwan yawon buɗe ido

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Nima nake, a Accra. Ni da maiɗakina mun shiga jirgin ruwan yawon buɗe ido a tekun Bahar Rum, daga Barcelona. Tun kafin mu tashi na biya tukuicin ma'aikata na kullum ta hannun wakilin tafiyarmu.

Da takardar lissafi ta fito, sai na ga duk abin da muka ɗauka a ɗan firijin ɗakinmu, ruwan kwalba, lemo da gyaɗa, an ɗora masa kashi 18 cikin 100 na kuɗin hidima. Ba wanda ya kawo mana su, da hannunmu muka buɗe firijin. Abin da ya fi ci min rai, har da ruwan da ba mu taɓa ba.

Na je teburin kula da fasinjoji, suka ce na'ura ce ke sakawa. Na tura imel bayan dawowarmu, shiru. Wakilin ya ce ba ruwansa. An riga an cire kuɗin a katina da dala, banki ya lissafa min da sidi.

Don Allah, ta wace hanya zan bi a mayar min da kuɗin nan?