Wane suna ya dace da wainar da ake gasawa a kasko?

'Yan uwa masu kishin harshe, na kawo muku wata kalma da ta tsaya mini a rai tun ranar Asabar, lokacin da na yi wa mutanen gida karin kumallo da abin da Amurkawa ke kira Dutch baby, gwaggona ta tambaye ni sunansa, na rasa amsar da zan ba ta.

Bari in fara da yadda ake yin sa, tunda daga siffa suna yake fitowa. Ana kaɗa ƙwai 3 da rabin kofin fulawa da rabin kofin madara, da ɗan gishiri da sukari, har ƙullun ya yi ruwa-ruwa. Sai a sa kaskon ƙarfe mai kauri cikin obin mai zafin digiri 220 a ma'aunin Celsius, a narka bota a ciki, a juye ƙullun gaba ɗaya, a rufe, kada a buɗe sai bayan minti 15 zuwa 20. Ba a sa masa yis ko wani abin tashi, tururin madara da ƙwai ne yake ɗaga shi, har gefensa ya haura bakin kaskon ya yi ja, tsakiyar kuwa ta lotsa kamar akushi. Da ya sha iska sai ya lafa, a matsa masa lemun tsami, a barbaɗa garin sukari.

Fassara kai tsaye ba za ta fitar da mu ba, domin babu mai son a ce an ci "jaririn Holan" da safe. Sunan ma tun asali a karkace yake: abincin ya samo tushe ne daga wainar Jamusawa, kalmar Deutsch ce bakin Amurkawa ya mayar Dutch, kuma ana danganta sunan da wani gidan abinci a birnin Seattle a farkon ƙarni na 20.

Na fara tunanin "fanken gashi", ganin cewa fanke daga kalmar pancake muka aro shi. Amma tuni kalmar ta yi nata gida a Hausa, duk wanda ya ji fanke zai hango dunƙulallen ƙulli mai yis yana iyo a cikin mai. Gurasa kuwa, duk da a tanderu ake gasa ta, kwaɓi ce mai tauri, kuma ba ƙwai ne jigonta ba.

Gwaggo ce ta ce a kira shi "kumburau", a kan tsarin fankasau, kuma sunan ya yi daɗin faɗi ƙwarai. Abin da ya sa na ja baya shi ne, kumburi a kunnen Bahaushe ya fi kusa da ciwo da kumburin ciki, sannan kumburin nan ba ya kai wa faranti.

Inda na tsaya shi ne "wainar tanderu". Hausa ta daɗe da faɗaɗa kalmar waina ta wuce ta shinkafa da ake suya a tanda: muna da wainar ƙwai, da wainar fulawa, da wainar rogo, wannan kuwa tsakanin ta ƙwai da ta fulawa take. Na san za a ce waina soya ta ake yi, kuma tanderu na yumɓu ne irin na masu gurasa a Kano, ba akwatin gas ko lantarki ba. Amsata ita ce, kalmar tanderu ce take sanar da mai sauraro cewa wannan wainar gasa ta ake yi, kuma aikin da obin yake yi shi ne dai na tanderu, wato gashi da zafin da aka kulle a ciki.

Na gwada sunan jiya da dare, na ce wa ƙanwata ta sayo ƙwai, gobe wainar tanderu za mu yi. Ba ta nemi ƙarin bayani ba, abin da ta tambaya kawai shi ne ko akwai sauran gas a tukunya.